Watan da Baba Abakar Ya Nemi Marar Lafiya Ya Rasa

Idan ka sauka daga mikrobas, ƙaramar bas ta haya, a unguwar Hay el-Sabi' ta Alƙahira, ka tambayi Bahaushe ina Abakar, zai ce wanne. Ka ce Mai Sanduƙ, sai ya nuna maka hanya da baki, wani ma har da ɗan tsaki. Shagonsa na tsakanin mai guga da mai matse ruwan rake, faɗinsa bai wuce ka miƙa hannuwa biyu ba. Turare yake sayarwa. Duk Talata yakan shiga kasuwar Ataba ya sayo mai da kwalabe, ya dawo ya haɗa da kansa. Da hanci yake aiki, ba ya duba rubutun jikin kwalba.

A Mai Wurno aka haife shi, can Sudan. Kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya ya huta a bakin kogi, hutun da har yau jikokinsa ba su gama ba. Abakar ya yi ɗinki a Umdurman, ɗinkin bai karɓe shi ba, ya zo Alƙahira shekara ashirin da suka wuce, shi da matarsa Hadil. Hausarsa irin ta mutanen can ce. Zai ce maka "ya zol", wato "kai mutumin nan" da Larabcin Sudan, kafin ka amsa ya ce "Allah shi ba mu alheri".

A shekararsu ta shida Hadil ta kwanta ciwo. Asibitin da aka kai ta suka ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa ta. Yini ɗaya da rabi Abakar yana hawa bene yana sauka, yana ƙwanƙwasa ƙofofin 'yan'uwa. Kafin kuɗin su haɗu, ba a bukatarsu. Ranar sadakar arba'in ya ɗauko gwangwanin biskit ya ajiye a tsakiyar tabarma, ya ce kowane gida ya riƙa jefa wani abu duk wata, wanda ciwo ya kama gwangwani ya biya masa. Wannan shi ne Sanduƙ, asusun lafiya na Hausawan unguwar. Da aka fara gida goma sha ɗaya ne. Yanzu sun haura ɗari uku, da ɗaliban da suka zo karatu daga Najeriya da Nijar, da 'yan'uwan da yaƙi ya koro daga Sudan. Kuɗi sun koma banki, an naɗa kwamitin amintattu, an rubuta ƙa'idoji. Amma gwangwanin na nan ƙarƙashin teburin Abakar, cikinsa yake ajiye takardu, kuma shi ne dai ma'aji.

A da, idan ka kawo takardar likita, zai karanta ta layi-layi, ya yi mita, ya biya. Shekara uku da suka wuce ya sauya salo. Ka kawo takarda, zai ce ajiye nan, hannuna da mai. Washegari sai ga shi a gidanka ya zo dubiya, da lemo uku a leda.

"Sannu, Ɗanmalam. Yaya jikin?"

Ɗanmalam ɗalibi ne ɗan Zariya, haƙori ya kumbura masa kunci kamar ya ɓoye gwaiba. Ya ɗago da ƙyar.

"Da sauƙi, Baba. Alhamdu lillahi."

"Masha Allah! Masha Allah!"

Baba Abakar ya ɓare lemo ɗaya ya sha don godiya ga Allah, ya koma shago, ya ja ƙaton layi a kan takardar, ya jefa ta gwangwani. Da Ɗanmalam ya zo karɓar kuɗin magani, sai tsohon ya buɗe hannuwa.

"Ya zol, kai da bakinka ka ce da sauƙi. Ni wane ne da zan ƙaryata Musulmi?"

To wane Bahaushe ne dattijo zai hau bene hawa biyar ya zo gaishe shi, ya ce masa babu sauƙi? Ko ana riƙe da kai ta baya, da sauƙi za ka ce. Haka aka tafi. Mai gyambon ciki ya ce da sauƙi, mai karaya ya ce da sauƙi, wata ma tana naƙuda ta turo a ce da sauƙi. Mutane suka gaji, suka daina kawo takarda. Kuɗin wata kuwa ba su daina biya ba, don kunyar idon tsohon da kuma sunan Hadil. Sanduƙ ya yi ta ƙiba.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar kwamitin amintattu ya zauna a ɗakin ƙungiya. Shugabarsu Wijdan ce, lauya, 'yar wani abokin Abakar tun daga Umdurman, yarinyar da ya taɓa goyawa. Ammu take ce masa, wato baffa. Ta buɗe ƙa'idoji.

"Ammu, ka tuna sashe na tara?"

"Na tuna su duka."

"To bari in karanta wa sauran. Ajiyar asusu kada ta wuce abin da za a kashe a shekara guda. Abin da ya haura a mayar da shi ga lafiyar jama'a. Ammu, abin da ke banki ya ishe mu shekara huɗu."

"Alhamdu lillahi."

"Ba abin alhamdu lillahi ba ne, laifi ne."

"Mi? Tattali ya zama laifi?"

"Mu ba kamfani ba ne, ba riba muke nema ba. Mutane ba su ba ka kuɗinsu don ka yi kiwonsu ba. Kai ka sa hannu a wannan takarda."

"Na sa hannu ne lokacin da gwangwani ba ya ko ƙara in an girgiza. Ke ba ki san ranar da za a ce a kawo, a duba a ga babu ba. Ni na sani."

Kowa a ɗakin ya san ranar da yake nufi. Sai mataimakin ma'aji ya yi gyaran murya. Ustaz Abdulbasit kenan, mutumin Kano, shekara tara yana rubuta digirinsa na uku, ba ya iya neman ruwan sha sai ya kawo dalili daga littafi.

"Bismillahi. Fil haƙiƙa mas'alar mai sauƙi ce. Ina da iƙtirahi, wato shawara. Mu shirya nadwa ilmiyya, taron ƙara wa juna sani, a otal a unguwar Dokki, a kan kiyaye rai a cikin manufofin shari'a. Muhadara uku, ƙaton ƙyalle mai rubutu a bango, sannan a ci shinkafa da kaza. Wannan ai manfa'a ce ta kowa da kowa."

"Kaza ba magani ba ce, Ustaz."

"Ilimi kuwa magani ne, Baba."

"To kai da ka sha shekara tara, ka warke?"

Wijdan ta buga biro a tebur. Ta ce kwamiti ya ba ma'aji mako huɗu. Ya fito da rarar, ya kashe ta a kan marasa lafiya na gaskiya. In wata ya cika bai yi ba, ya miƙa gwangwani da littafin banki ga mataimakinsa, shi kuma ya yi nadwarsa.

"Khalas, shi ke nan, Ammu. Kawo mana marasa lafiya kawai."

Abakar ya fito yana huci. Marasa lafiya? A Alƙahira? Ya ce kwana uku sun yi yawa.

Washegari ya rufe shago ya sayi lemo ya fara da Ɗanmalam.

"Yaya haƙorin nan?"

"Da sauƙi, Baba."

"A'a, ka yi tunani sosai. Ba ya ɗan zuga?"

"Ai babu shi. Na sayar da rigar sanyina aka cire bara."

"To na kusa da shi fa? Ƙwanƙwasa mu ji."

Daga nan ya hau gidan Murja, matar wani ɗalibi, wadda kowa ya san ciwon baya ya sa tana wanki a zaune.

"Murjanatu, yaya bayan?"

"Da sauƙi, Baba."

"Ko ɗan jiri babu?"

"Babu, Baba."

"Yaran fa? Ba mai gudawa? Ba mai ƙuraje?"

"Subhanallahi! Baba, lafiyarsu ƙalau!"

Ta ja ɗanta ta tura bayan labule. Kafin magariba labari ya kai bene na ƙarshe a unguwar: Mai Sanduƙ ya fara yawo gida-gida yana yi wa mutane fatan ciwo. Wasu suka ce tsufa ne. Wasu suka ce sabuwar dabara ce ta ƙara kuɗin wata, duk wanda ya amsa yana da ciwo a ninka masa. Mata suka fara tofa wa yara addu'a in sun jiyo takunsa a matakala.

Shi kuwa Allah ya ba shi kunne. Ya san tarin kowa a unguwar kamar yadda ya san sallamarsa. Ranar Laraba a sallar azahar ya jiyo wani tari mai nauyi daga sahu na uku, irin wanda ke tasowa daga ƙasan ƙirji. Liman na sallamewa Abakar ya juya.

"Isam! Kai ne! Wannan tarin na asibiti ne!"

Isam mai facin taya, ƙato ne, ɗan Kasala ta Sudan. Ya suri takalmansa a hannu.

"Ƙura ce, Ammu! Da sauƙi!"

"Tsaya, ya zol! Hoto kawai za a ɗauki ƙirjin! Kyauta!"

Isam ya tsallake titi, motoci na yi masa oda, bai waiwayo ba. Tunda yake bai taɓa jin Abakar ya ce kyauta ba, ya tabbata da wani abu a ƙasa.

Mako uku suka wuce. Abin da Baba Abakar ya iya kashewa shi ne kwalbar maganin tari ɗaya, ita ma sai da ya ajiye ta a ƙofar Isam ya gudu. Ustaz Abdulbasit kuwa har ya sa an rubuta ƙyallensa, ya biya da kuɗinsa, yana cewa a mayar masa in Allah ya kai mu.

Saura kwana biyar Hajiya Bakhita ta shigo shago. Ƙanwar marigayiya Hadil ce, mai ƙunshin amare, bakinta ba ya jiran izini. Tsakaninta da Abakar wasa ne tun ranar da ya auri yayarta, kuma shekara talatin ba ta bar shi ya ci ko sau ɗaya ba.

"Mijin yaya, an ce kana neman gawa."

"Marar lafiya nake nema, ke Bakhita. In kin zo ba'a, ƙofa na nan."

"Ka ga ƙofar kuwa?"

"Mi kike nufi?"

"Ba komai. Ga shi, na samo maka guda. Karanta."

Ta miƙa masa takarda.

"Ajiye nan, hannuna da mai."

Ta zaro mayafinta ta goge masa hannuwa tas, yatsa bayan yatsa, ta danƙa masa takardar.

"Yalla. Karanta."

Ya kai takardar kusa da hanci. Ya miƙa ta nesa. Ya juya wajen hasken ƙofa. Ya girgiza kai irin na masu sani.

"Wannan ciwo ya yi nisa. Allah shi sawwaƙe. Suga ne ko?"

"Takardar kuɗin wutar gidana ce."

Mai matse rake na ta aikinsa a maƙota, injin na ƙara. Abakar ya ajiye takardar a hankali.

"Talatar da ta wuce na biyo ka a Ataba," in ji Bakhita. "Ka tsaya ka yi wa mutum-mutumin da ake rataya wa riga sallama. Da bai amsa ba ka ce yaran zamani ba su da tarbiyya. Tun yaushe?"

Abakar ya ja kujera ya zauna.

"Shekara uku. Kamar ina kallo ta cikin tururin shayi. Na je wajen likita a ɓoye, ya ce yana ce a ido biyu, sai an yi aiki."

"Shi ya sa ka daina karanta takardun mutane."

"In na biya abin da ban gani ba, a cuci Sanduƙ. In na ce a karanta mini, a gane, a karɓe gwangwani. Sai na ce bari in riƙa jin ta bakin mai ciwon."

"Ta bakin Bahaushe! Kai yanzu in na ce maka yaya jiki, me za ka ce?"

"Da sauƙi."

"To ka ji. Me ya hana ka yin aikin? Ba kai ma kana biyan kuɗin wata ba?"

"In ɗebi kuɗin Hadil in gyara idona? A ce don kansa ya kafa?"

"Kuɗin Hadil! Yayata da tana nan da wannan gwangwanin za ta kwaɗa maka. Ita rashin kuɗi ya hana a duba ta. Mutanen nan kuɗi jibge, kai ka hana a duba su."

Wannan ta shige shi. Ya sunkuyar da kai yana shafa murfin gwangwanin.

"Ma'alish, yi haƙuri," ta ce, muryarta ta ɗan sauko. "Amma ka saurara. Ba wanda zai ce yana ciwo a gabanka, ka riga ka koya musu. Sai dai in kai ka fara."

"A gaban jama'a?"

"Ko ka fara, ko Ustaz ya ci kaza."

Ranar Juma'ar da wa'adi ya cika ɗakin ƙungiya ya cika har matakala, don kowa na son ya ga yadda za a raba Mai Sanduƙ da sanduƙinsa. Ustaz Abdulbasit ya zo da ƙyallensa a naɗe a hammata. Wijdan ta ce ma'aji ya yi bayani. Abakar ya miƙe, gwangwani a ƙirji. Sai Bakhita ta ɗaga murya daga ɓangaren mata.

"Mijin yaya! Sannu. Yaya jikin?"

"Da sau..."

Ta buga ƙafa a ƙasa.

Ya gyara riƙon gwangwanin. "Babu sauƙi."

Wata tsohuwa ta ce inna lillahi. Tunda aka kafa unguwar ba a taɓa jin wannan amsa ba.

"Babu sauƙi, jama'a. Ba na gani. Shekara uku ban karanta takardar kowa ba. Ɗanmalam, kana ina? Ɗaga hannu. To, ko ka ɗaga ban gani ba. Rigar sanyinka tana wuyana. Takardunku duka suna cikin gwangwanin nan, ban yar da ko ɗaya ba. Ku yafe mini. Wijdan, rubuta ni na farko, ido biyu."

Sai aka ji wannan tarin mai nauyi daga bakin ƙofa.

"Ammu," in ji Isam, "gaskiya ba ƙura ba ce. Wata huɗu kenan."

"Na sani, ya zol! Rubuta shi!"

"Baba, ni ma bayan nan," in ji Murja, "ko tsintsiya ba na iya ɗauka."

"Ni gwiwa!"

"Ni kunnen hagu, tun azumi!"

"Ni mijina ne, yana jin kunya, ga shi can yana kallon silin!"

"Ke, wa ya aike ki?"

"To ka faɗa da kanka, ko in faɗi wurin?"

"Rubuta ni kawai, Lauya, kada ki tambaya."

Mutanen da mako uku suka rantse lafiyarsu ƙalau suka koma rige-rigen ciwo. Wani tsoho ya lissafa guda bakwai, maƙwabcinsa ya ce na biyar ɗin nasa ne, aro ya yi. Biron Wijdan ya ƙare, aka miƙo mata wani. Can da hayaniya ta lafa, Ustaz Abdulbasit ya matso kusa da tebur, ya rage murya.

"Fil haƙiƙa, ni ma akwai wata 'yar mushkila. Zama ne ya yi yawa a ɗakin karatu."

"Shi ya sa kullum a tsaye kake wa'azi!" in ji Bakhita, wadda ba a yi da ita ba.

Kwamiti ya yanke hukunci a nan take. A ɗauko likitoci biyu su yini a ɗakin ƙungiya su duba kowa, har da wanda ba ya cikin asusu. A buɗe gwangwani a karanta takardun da aka ja wa layi, ɗaya bayan ɗaya. Ajiyar shekara guda ta zauna a banki, ba mai taɓa ta, wannan Abakar ya sa aka maimaita masa sau uku. Ma'aji ya ci gaba da zama ma'aji. Sannan Wijdan ta ƙara sashe na goma da hannunta: gaisuwa ba shaida ba ce.

Ƙyallen Ustaz bai yi asara ba. Shi aka rataya ya zama labule tsakanin likita da masu jiran layi, kowa ya shiga ya kwance ciwonsa a bayan "Nadwa Ilmiyya ta Farko".

An yi wa Baba Abakar aikin idon dama a watan da ya biyo baya, na hagu bayan mako shida. Ranar da aka cire bandeji, abin da ya fara gani Bakhita ce.

"Ke, yaushe kika tsufa haka?"

"Likita, mayar masa da yanarsa."

Yanzu yana karanta takarda layi-layi kamar da, yana mita kamar da. In likita ya rubuta magani mai tsada, sai ya taka har kantin magani ya tambaya ko akwai ƙaninsa mai araha. Duk ƙarshen wata yakan kira Wijdan ya ji ko ajiyar shekara guda na nan, ta ce tana nan, ya ce a sake dubawa. A Ataba kuma ya daina bi ta layin masu riguna.

Yana kwance a gida bayan aiki na biyu, Ɗanmalam ya hawo dubiya, da lemo uku a leda. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Sannu, Baba. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Masha Allah! Masha Allah!"

Ɗanmalam ya gyara zama, ya ɓare lemo na farko ya shanye. Ya ɓare na biyu. Baba Abakar na kallonsa da sabon idonsa, tar, har ƙwallayen da yake tofarwa a tafin hannu. Da ya kai hannu kan na uku, tsohon ya ɗago daga matashi.

"Ya zol, ajiye wannan. Idon yana ɗan yi mini ƙaiƙayi."